Tamowa a Jikin Masu Ciwon Dajin Kai da Wuya: Nazarin Abincin Jinya a Gidajen Hausawan Kudancin Jidda

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsalar tamowa a jikin masu ciwon dajin kai da wuya, ta kuma mayar da hankali kan Hausawa mazauna kudancin Jidda, yankin da Asibitin Sarki Abdul'aziz da cibiyarsa ta kula da masu ciwon daji suke, a unguwar Mahjar. An yi bitar ayyukan masana da ƙa'idojin ƙungiyoyin likitoci, sannan aka ɗora abincin jinya da aka saba da shi a gidan Bahaushe a kan mizanin bukatar maras lafiya. Maƙalar na ganin cewa ramar waɗannan marasa lafiya abu ce da ake iya sanin lokacin zuwanta tun kafin a fara magani, kuma a makonnin maganin gashin haske abin da ke cikin kofin da mai jinya ke miƙawa a gida ya fi kowace takardar asibiti tasiri a kan nauyin maras lafiya.

1.0 Gabatarwa

Ciwon dajin kai da wuya suna ne da ya tattaro dajin da ke kama leɓe, harshe, dasashi, ganda, cikin kunci, bayan hanci, maƙoshi, maƙogwaro da gaɓoɓin da ke samar da yawu. Ƙididdigar GLOBOCAN ta shekarar 2020, wadda hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon ta ƙasar Faransa ta fitar, ta nuna an sami sabbin kamu kimanin 378,000 na dajin leɓe da baki, da 185,000 na maƙogwaro, da 133,000 na bayan hanci. Idan aka haɗa sauran, adadin ya haura 900,000 a shekara ɗaya.

Abin da ya bambanta wannan daji da na mama ko na mafitsara shi ne mazauninsa. Yana zaune ne a kan hanyar abinci, kuma maganinsa, ko tiyata ko gashin haske ko allurar kemo, a kan hanyar yake sauka. Saboda haka maras lafiya na fuskantar yunwa sau biyu, ta cuta da ta magani. A wannan maƙala, tamowa na nufin halin da jiki ke shiga idan abin da yake samu na kuzari da furotin ya gaza bukatarsa har tsoka ta fara zaizayewa, ko da mutum babba ne, ko da kuwa mai ƙiba ne.

A Saudiyya cutar na da fuskoki biyu da suka shahara a rubuce-rubucen likitoci. Dajin baki ya yi yawa a lardin Jazan da ke kudu maso yamma, inda ake cusa garin tabar da ake kira shamma a baki. Dajin bayan hanci kuma, mai alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr, yana sahun gaba a cikin dajin kai da wuya a ƙasar, kamar yadda yake a rahotannin asibitocin koyarwa na arewacin Nijeriya. A Jidda, baya ga cibiyar Mahjar da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, ana kula da masu daji a Asibitin Jami'ar Sarki Abdul'aziz, da cibiyar Gimbiya Nura ta rundunar tsaron ƙasa, da reshen Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal.

Manufar maƙalar ita ce ta fito da giɓin da ke tsakanin adadin da ƙa'idojin duniya suka gindaya da abin da tukunyar jinya ke bayarwa, ta kuma nuna inda za a iya cike shi da kayan da ke kasuwannin Jidda.

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Alaƙar rama da mutuwar masu daji ta fito fili ne a aikin DeWys da abokansa (1980), waɗanda suka duba marasa lafiya 3,047 a Amurka, suka gano cewa waɗanda suka rame kafin fara kemo ba su kai sauran daɗewa a raye ba. Daga nan aka shiga ƙirƙirar ma'aunai: Detsky ya fito da SGA a 1987, Ottery ta gyara shi domin masu daji ya zama PG-SGA, aka kuma sami NRS-2002 da MUST a farkon wannan ƙarni. Fearon da abokansa (2011) sun raba yunwa zalla da ƙanjamewar daji, wato ramar da kumburin cikin jiki ke haddasawa, wadda abinci kaɗai ba ya mayar da ita gaba ɗaya. Ƙa'idojin GLIM, da aka buga a 2018 da 2019, sun yi ƙoƙarin haɗa kan duniya a ma'ana guda.

Game da yawan matsalar, binciken yini guda da Hébuterne da abokansa (2014) suka yi a asibitocin Faransa a kan mutum 1,903 ya sami tamowa a kashi 39 cikin 100 na masu daji baki ɗaya, amma a masu dajin kai da wuya ta kai kusan kashi 49. Langius da abokansa (2013) sun bi mutum 1,340 a Amsterdam, suka ga fiye da rabinsu sun yi rama mai haɗari a lokacin gashi, kuma waɗannan sun fi mutuwa da cutar.

A ɓangaren magani, ra'ayoyi sun rabu gida biyu. Wasu sun karkata ga shawarar abinci. Ravasco da abokanta (2005) sun kasa mutum 75 gida uku a Lisbon: waɗanda masanin abinci ya riƙa zama da su yana gyara musu abincin da suka saba ci, da waɗanda aka ba madarar gwangwani ta ƙari, da waɗanda aka bari su ci yadda suka ga dama. Bayan wata uku da gama gashi, rukunin farko ne kaɗai ya riƙe cinsa. Wasu kuma sun karkata ga sanya robar ɗura abinci tun kafin matsala ta zo. Silander da abokanta (2012) a Suwidin sun sami ingantuwar rayuwa a wata na shida ga waɗanda aka sa wa robar ciki da wuri, amma Brown da abokanta (2017) a Ostireliya ba su ga bambancin nauyi ba da aka fara ɗura abinci ta robar tun kafin magani.

Dukkan waɗannan ayyuka an yi su ne a inda maras lafiya da masanin abinci ke magana da harshe ɗaya, suna cin abinci iri ɗaya, kuma gwamnati ko inshora ke biyan kuɗin madarar asibiti. Wannan shi ne sharaɗin da ba a faɗa, kuma shi ne ba ya cika a gidaje da yawa na kudancin Jidda.

3.0 Hanyar Nazari

An bi matakai uku. Da farko an ɗauki adadin bukata daga ƙa'idojin ƙungiyar ESPEN ta Turai na 2017 da 2021: kalori 25 zuwa 30 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, da furotin sama da giram 1, har zuwa giram 1.5 in da hali. Na biyu, an ɗauki ƙimar kayan abinci daga jadawalin abincin Afirka ta Yamma na hukumar FAO, bugun 2019, da makamantansa, aka taƙaita alƙaluman zuwa mafi kusa. Na uku, an jera wahalhalun cin abinci bisa makonnin magani, aka duba wane abinci ne ke iya wucewa a kowane mako. Misalin da aka yi lissafi da shi mutum ne mai kilo 60, kuma misali ne na ƙiyasi, ba wani maras lafiya takamaimai ba. Farfajiyar nazarin ta tsaya a kan manya masu karɓar gashi, da kemo ko ba da shi ba, suna kwana a gida.

4.0 Nazari

4.1 Kalandar rama

Gashin da ake yi da niyyar warkarwa yakan kai ma'aunin Gray 66 zuwa 70, a zama 33 zuwa 35, kwana biyar a mako, cikin mako shida zuwa bakwai. Idan an haɗa da kemo, mafi yawa cisplatin ake bayarwa, miligiram 100 ga kowane murabba'in mita na faɗin jiki duk bayan mako uku, ko kaɗan-kaɗan kowane mako.

Illolin suna zuwa a jere. A mako na farko da na biyu yawu kan fara kauri, ɗanɗano ya canza, nama ya koma kamar ƙarfe a baki. Daga ƙarshen mako na biyu zuwa na uku fatar cikin baki ta yi ja, ta fara saɓulewa. Daga mako na huɗu haɗiya ta zama azaba, majina mai yauƙi ta cika maƙoshi, tashin zuciyar cisplatin ya ƙara a kai. Gyambon kan kai matuƙa a makon ƙarshe da mako ɗaya ko biyu bayan an gama, wato daidai lokacin da maras lafiya ya daina zuwa asibiti kullum. Gaɓoɓin yawu na gefen kunne, waɗanda hangum ke kumburawa, su ne suka fi jinkirin farfaɗowa. Gwajin PARSPORT na Ingila (Nutting da wasu, 2011) ya nuna cewa gashin zamani mai kauce musu ya rage bushewar baki mai tsanani a shekara ɗaya daga kashi 74 zuwa 38 cikin 100. Ci gaba ne babba, amma har yanzu mutum ɗaya cikin uku na cin tuwo ba yawu.

Rama tana dawowa ta cuci maganin kansa. Ana ƙera wa kowane maras lafiya marufin fuska na roba daidai da kansa da wuyansa domin haske ya sauka wuri ɗaya kullum. Idan wuya ya zabge, marufin ya yi sako-sako, sai an sake hoto da tsari. Idan jiki ya kasa har aka dakatar da zama, ƙwayoyin daji na samun damar hayayyafa, kuma masana gashi sun ƙiyasta cewa kowace ranar jinkiri na rage damar shawo kan ciwon da kimanin kashi 1 cikin 100 ko fiye. Tun da an san jerin nan mako-mako, jiran maras lafiya ya rame kafin a tura shi wurin masanin abinci ba shi da hujja a likitance.

4.2 Ma'aunin da ke ɓoye rama

Ƙa'idar GLIM na bukatar alama ɗaya ta jiki da sanadi ɗaya. Alamomin su ne asarar nauyi sama da kashi 5 cikin 100 a wata shida, ko sama da kashi 10 a fiye da haka, ko ƙarancin ma'aunin BMI, ko raguwar tsoka. Sanadin kuwa shi ne raguwar ci ko kumburin cuta. Matsalar alama ta farko ita ce tana bukatar mutum ya san nauyinsa na da. Dattijuwar da ba ta taɓa hawa sikeli ba sai ranar da aka kwantar da ita ba za ta iya amsa wannan tambaya ba, amma za ta iya faɗin cewa zobenta ya fara zamewa, ko haƙoran roba sun daina zama, ko ɗaurin zane ya ƙara zagaye. Irin waɗannan tambayoyi sun cancanci shiga takardar tantancewa.

Ma'aunin BMI kuwa ya fi yaudara a Saudiyya, inda ƙiba ta yawaita, kuma ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan kashi 18 cikin 100 na manya na da suga. Mace mai kilo 90 da ta koma 80 cikin wata huɗu ta zubar da kashi 11 na nauyinta, tana cikin tamowa mai tsanani, alhali dangi na yi mata barka da rage jiki. Kitse ya rufe tsokar da ta tafi. Masu bincike a Utrecht ta ƙasar Holan (Swartz da wasu, 2016; Wendrich da wasu, 2017) sun nuna ana iya auna tsoka a daidai ƙashin wuya na uku daga hoton sikanin da aka riga aka ɗauka domin tsara gashi, kuma masu ƙarancin tsoka sun fi kasa jure cisplatin. Wannan awo ba ya bukatar ƙarin hoto ko ƙarin kuɗi. Gwajin albumin na jini, da har yanzu wasu ke dogara da shi, ya fi nuna kumburi fiye da yunwa.

4.3 Kofin kunu

A gidan Bahaushe, ko a Fagge ko a Damagaram ko a Jidda, idan maras lafiya ya kasa tuwo, kunu ake damawa. Idan ya kasa kunun, a ƙara masa ruwa. Hikimar a bayyane take, domin abu mai ruwa ya fi saurin wucewa. Sai dai lissafi bai goyi bayanta ba.

Mutum mai kilo 60 na bukatar kalori kimanin 1,800 da furotin giram 72 zuwa 90 a rana. Koko ko kunu tsararo, wanda aka dama garin gero giram 30 a kofi mai cin mililita 300, yana ba da kalori 110 zuwa 120 da furotin giram 3. Kafin ya cika bukatarsa ta kuzari sai ya sha kofi 15, wato lita huɗu da rabi, kuma ko ya sha, furotin bai kai ba. Mai gyambon maƙoshi a mako na biyar da ƙyar yake gama kofi huɗu. Ke nan yana rayuwa a kan rubu'in bukatarsa, yayin da mai jinya ke shaida wa likita, da gaskiyarta, cewa ya sha kunu sau huɗu. Tambayar ko yana ci ba ta isa ba. Sai an tambayi me aka zuba, da wane cokali, kofi nawa, kuma nawa ya rage a ƙasa.

Haɗari na biyu shi ne ƙwaruwa. Idan ciwo ko tiyata ko gashi sun taɓa gindin harshe da murfin maƙogwaro, abu mai ruwa tsararo shi ya fi saurin kufcewa ya faɗa hanyar iska, wani lokaci ba tare da tari ba, ya zama ciwon huhu. Tsarin IDDSI, mai matakai daga 0 zuwa 7, an yi shi ne domin a daidaita kaurin abin sha da laushin abinci, kuma masanin haɗiya ne ke faɗin matakin da ya dace da kowane mutum. Ƙara wa kunu ruwa na iya sauke shi zuwa matakin da ya fi cutarwa.

Gyaran yana cikin tukunyar. Idan aka dama garin nan giram 30 da madara mai maiƙo mililita 200 a maimakon ruwa, aka sa markaɗaɗɗiyar gyaɗa giram 30 da mai giram 10, kofin zai kai kalori kimanin 500 da furotin giram 17. Kofi huɗu sun zama kalori 2,000 da furotin giram 68, ƙwai biyu da aka dafa su da laushi su cika sauran. Wannan kunun gyaɗa ne, ba baƙon abu ba, an dai ƙara masa nauyi. Madarar asibiti ta gama-gari kalori 1 take bayarwa a kowace mililita, mai ƙarfinta 1.5, don haka kofin gida da aka tsara bai gaza ta a kuzari ba, ko da yake ba ya maye gurbinta a bitamin da ma'adanai.

Idan kaurin ya yi yawa, akwai dabarar da masu kunun zaƙi suka daɗe da sani, wato garin tsiron hatsi. Ɗan kaɗan daga cikinsa, idan aka barbaɗa a kunu mai kauri yana da ɗumi, sinadarin amilas da ke ciki zai narkar da sitaci, kunun ya saki ba tare da an ƙara ruwa ba. Masana abincin yara a Tanzaniya da Indiya sun yi aiki da wannan dabara tun shekarun 1980. Sharaɗinta a nan shi ne a sake tafasa kunun bayan ya saki, domin mai karɓar kemo garkuwar jikinsa ta yi rauni. Gyaɗar ma a zaɓi mai kyau, wadda ba ta yi hunhuna ba, saboda gubar aflatoksin.

Gidajen Hausawan Jidda na da tukunya biyu, kuma wannan riba ce. Daga abincin Hijaz akwai salik, shinkafar da ake dafawa da romo da madara har ta narke, da harisa ta alkama da nama, da ful da aka murje da man zaitun, da ɗahina ta riɗi mai kalori kusan 600 a giram 100, da laban, da talbina ta sha'ir da madara wadda mutane ke karɓa hannu biyu saboda matsayinta a hadisi. Daga na gida akwai alale, faten wake da aka tace, kindirmo maras tsami, da miyar kuɓewa, kuka ko karkashi, waɗanda yauƙinsu ke yin ɗan aikin da yawu ya bari, su rako loma mai taushi. Abin da ya kamata a janye daga mako na uku shi ne duk mai yaji da tsami: barkono, citta, kanumfari da masoro da ake sa wa koko da fura, kunun tsamiya, zoɓo, lemon tsami, nono da ya kwana, shayi mai ƙuna, da goro. Tsire da gurasar tamis ba sa wucewa ma balle a yi maganarsu.

Dabino da zuma na bukatar tsayawa kaɗan. Dabino na da kalori kusan 280 a giram 100 amma furotin giram 2 kacal, saboda haka kuzari ne ba ginin tsoka ba. Zuma kuwa, ƙa'idojin ƙungiyar MASCC na 2020 sun ba da shawarar amfani da ita wajen rage gyambon bakin masu gashin kai da wuya. Amma ga mai suga da ake ba dexamethasone tare da kemo, su biyun na iya ɗaga suga sama ainun, kuma a bakin da ba yawu zaƙi na saurin cin haƙori. Mafita ba a hana mai suga abinci ba ce, a gyara maganin sugansa ne, a kuma samo yawancin kuzarin daga mai, gyaɗa, riɗi da madara. Kafin kowane ci kuma, sai an kashe zafi. Maganin ciwo rabin awa kafin abinci da kurkure baki da ruwan gishiri da bakin soda suna ƙara yawan abin da ke shiga fiye da kowane lallashi.

4.4 Roba

Robar hanci ta dace da bukatar da ba za ta wuce mako huɗu ba. Idan za ta wuce, robar da ake hudawa kai tsaye cikin tumbi, wadda Gauderer da Ponsky suka bayyana a 1980, ta fi dacewa. Mai babban ciwo a baki ko maƙoshi da za a haɗa wa gashi da kemo, ko wanda ya riga ya zubar da kashi 10 na nauyinsa, ya kamata a tattauna batun da shi tun ranar tsara magani.

Turjiyar iyali ta fi yawa ne daga abin da suka taɓa gani. A ƙwarewar mutane da yawa, wanda aka sa wa roba a hanci ya kusa tafiya, domin a irin wannan hali suka saba ganinta. Idan aka kawo maganar a mako na biyar, maras lafiya na kwance, ta tabbatar musu da zatonsu. Idan aka kawo ta tun yana tafiya da ƙafarsa, aka ce ta wata biyu ko uku ce kuma za a cire, amsar takan bambanta. A irin waɗannan gidaje kuma ba maras lafiya kaɗai ke yanke shawara ba, sai an sami miji, ko wa, ko babban ɗa.

Abu biyu ke biyo bayan sa roba. Wanda ya yi kwana goma ko fiye bai ci abin kirki ba, idan aka ɗura masa cikakken abinci farat ɗaya, sinadaran fosfet, fotasiyam da magnesiyam na jininsa na iya faɗuwa har zuciya ta tsaya. Ƙa'idar NICE ta Ingila ta 2006 ta ce a fara da kalori 10 ga kowane kilo, a ba da bitamin B1 tukuna, a riƙa gwada jini. Na biyu, mai roba ya ci gaba da haɗiyar wani abu kullum, ko da cokali kaɗan ne, matuƙar masanin haɗiya bai hana ba, domin tsokar maƙoshin da ta yi wata biyu ba aiki a ƙarƙashin gashi tana iya ƙagewa. Iyalan da ke markaɗa abincin gida su ɗura saboda tsadar madara su tace shi sosai, kada ya wuce awa biyu a waje, musamman a zafin Jidda.

4.5 Azumi da zafi

Shari'a ta sauke wa maras lafiya azumi, ya rama ko ya ciyar. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda hedikwatarta ke nan Jidda, ta zauna a 1997 kan abubuwan da ke karya azumi a fagen magani, ta cire allurai da ruwan da ke ciyarwa daga jerin waɗanda ba sa karyawa. Duk da haka dattawa da yawa na jin nauyin shan azumi a ƙasa mai tsarki. Cisplatin na bugun ƙoda, kuma ruwa ne kariyarta. Yini ba sha a garin da zafi da gumi suka yi yawa, ga baki ba yawu, haɗari ne na zahiri. Kalmar malamin da maras lafiya ya yarda da shi ta fi ta likita shiga a nan, don haka neman ta wani ɓangare ne na magani.

4.6 Mazauni, harshe da takarda

Hausawan Jidda ba hali ɗaya suke ciki ba. Akwai 'yan ƙasa, jikokin mahajjatan da suka zauna tun zamanin tafiyar ƙasa ta Sudan, masu laƙabin Hausawi, waɗanda ke samun magani kyauta a asibitocin gwamnati. Akwai masu igama, wato takardar izinin zama, waɗanda dokar inshorar lafiya ta 1999 ta ɗora nauyinsu a kan mai ba su aiki, kuma abin da inshora ke biya ya danganta da darajarta. Akwai kuma marasa takarda, waɗanda ba su da ko ɗaya, kuma su ne suka fi zuwa a makare. Madarar roba ta wata uku kuɗi ce mai yawa ga rukuni na biyu da na uku, kuma wannan ne ya ƙara wa lissafin sashe na 4.3 muhimmanci.

Rusau da aka fara a ƙarshen 2021 ya shafe gomman unguwanni, ciki har da Gulail, Fetromin, Karantina, Sabil da Nuzla Yamaniya, waɗanda ke kewaye da Mahjar ko kusa da ita, kuma nan ne matattarar 'yan Afirka ta Yamma. Iyalai sun watsu zuwa gefen gari. Ga mai zama 35 na gashi, nisa na nufin awanni a mota da ɗakin jira, kuma awannin nan ne na kofi ɗaya ko biyu daga cikin huɗun da yake iya sha. Filas ɗin kunu mai nauyi a hannun mai rakiya ya kamata ya shiga umarnin asibiti. Watsewar ta kuma raba mai jinya da maƙwabtan da a da ke karɓa mata girki.

Sai harshe. Matasan da aka haifa a Jidda Larabcin Hijaz ne a bakinsu, amma uwar ko matar da ke riƙe da tukunya sau da yawa Hausa ta fi ji. Ma'aikatan jinya da yawa 'yan Filifin ne ko Indiya, da Ingilishi suke aiki. Umarni kan bi ta baki uku kafin ya isa kicin, kuma giram da mililita ba sa tsira a hanya. Abin da ke tsira shi ne cokali, ludayi da kofin shayi. Saƙon murya na minti biyu da Hausa ta WhatsApp, mai faɗin cokali nawa na gyaɗa da na madarar gari za a sa a kofi, ya fi takarda mai shafi huɗu amfani ga wadda ba ta karatun boko ko na Larabci.

4.7 Bayan zama na ƙarshe

Ƙa'idojin kula da masu wannan daji sun nemi masanin abinci ya ga maras lafiya kowane mako a lokacin gashi, sannan duk mako biyu na aƙalla mako shida bayansa, domin nauyi kan ci gaba da sauka bayan an gama. Ƙagewar muƙamuƙi da ƙuntatar maƙoshi na iya bayyana bayan watanni, kuma motsa baki da haɗiya kullum ne ke rage su.

Wani kaso na baƙi na komawa gida da zarar an sallame su, zuwa Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram, a daidai makonnin da gyambo bai warke ba. A can, cibiyoyin gashi irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato na nesa da yawancin garuruwa, kuma likitan da zai karɓi mai dawowa bai ga farkon jinyar ba. Takardar sallama ta irin wannan matafiyi na bukatar ɗaukar nauyinsa na ranar fara gashi da na ranar gamawa, matakin kaurin abin shan da aka amince masa, iri da lambar robar da ke jikinsa da ranar da aka sa ta, adadin cisplatin da ya karɓa da gwajin ƙodarsa na ƙarshe, da gargaɗin kada a cire masa haƙori a muƙamuƙin da aka gasa sai da sanin likitan daji.